Sirdin da Na Zaɓa

Ni na zaɓi sirdin da kaina, shi ya sa abin bai bar ci mini rai ba har yau.

Tun da aka kawo ni Dogon Dutsi, duk wata maigidana yakan ɗauke ni a moto, wato babur, zuwa garinmu Lugu in gaida Inna. Hanyar rairayi ce da gargada, sirdin kuwa ya tsufa, soson ya mutu, sai ƙarfe. Bayan haihuwata ta uku na fara sauka da ƙyar, ina dafe da ƙugu. Shi da bakinsa ya ce mu je a yi sabo.

Muka je rumfar wani dattijo mai gyaran sirdi a bayan kasuwa. Ya jera soso kala uku a kan benci, ya ce in zauna a kowanne. Na so mai laushin, ya hana ni. Ya ce mai laushi daɗin minti goma ne, a doguwar tafiya lotsewa yake yi. A sa mai tauri a ƙasa, mai laushi siriri a sama. Da ya ga a karkace nake zama kamar kowace mace, ya ce zai faɗaɗa bayan. Maigidana na gefe yana tsokanata, wai ko matar gwamna ba a auna mata wurin zama ba. Na yi dariya har na rufe fuska. Kai, ni dai sakara ce.

Ranar da ya shigo da moton, na fito da hannuna duk kumfar wanki. Sirdin sabo fil, baƙi, yana ƙyalli, amma na mutum ɗaya ne. Inda zan zauna an ɗaura ƙarfen ɗaukar kaya.

"Malam, mi ne na wanga?" na tambaye shi.

"Kayan shago sun yi yawa," ya ce, bai kalle ni ba. "Kuma dattijon ya ce mai tsawon ba shi yiwuwa."

Na yarda, don ban taɓa kama shi da ƙarya ba. Sai bayan sati biyu na bi ta gaban rumfar, dattijon ya kira ni yana ba ni haƙuri.

"Ɗiyata, na gama shi yadda kinka zaɓa. Maigidanki ne ya dawo ya ce in yanke bayan."

Nan na gane. Innata 'yar bori ce tun ban san kaina ba, ya kuma san haka ya aure ni. Shekarar nan ya soma zama da wasu abokai a masallacin unguwa, har na ji ɗayansu ya taɓa tambayarsa me ke kai shi garin iskoki. Da ya zaunar da ni ya ce ba zai ƙara zuwa ba, da mun yi faɗa mun gama. Amma ya kai ni ina danna soso a gaban mutane, sannan ya koma ta bayana ya sa wuƙa. Wannan ne ya ƙona ni.

Ƙarshen wata na goya yarinyata, na tari ɗan kabu-kabu, na ce masa Lugu.

Inna tana bakin danga muka iso. Ta karɓi jikarta, amma idonta na kan hanya, tana jiran moto na biyu.

"Shi hwa? Lahiya dai?"

"Lahiya lau, Inna. Aiki ne ya yi mishi yawa."

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta shiga ɗaki ta fito da ƙwaryar fura, ludayi biyu a ciki. Ta zare ɗaya ta mayar, ba ta sake tambayata ba.