Ranar da Hauwa'u Ta Soke Gyara

Ina auna wa wata mata albasa a kasuwar Argungu, na ƙara mata biyu gyara, sai ɗiyata Hauwa'u ta riƙe mini hannu. SS2 take, ajin kasuwanci. Ni kuwa tun aji uku na firamare muka rabu da boko lafiya.

"Baba, malaminmu ya ce wanga asara ce."

Ranar Asabar na bar mata rumfar, na zauna bayan buhuna ina kallo. Ba gyara ko ɗaya. Kafin azahar kwastomomina sun koma wajen maƙwabcina.

Wata tsohuwa ta leƙo: "Ke ɗiya, mai rumfag ga rasuwa ya yi?"

Na miƙe na karɓi rumfata.

Masu 'ya'ya a ajin kasuwanci, ku ma an taɓa yi muku ta'aziyya kuna zaune?