Farar ƙasa a ramin Wahba

Ranar da Usuman ya ce zai je ganin rami, Bashira tana bakin tukunyar ɗanwake a ƙofar gidanta a unguwar Sa'alaba ta Jidda, da ludayi a hannu.

"Rami? Wanda za a haƙa maka a maƙabarta bai ishe ka ba, sai ka hau mota ka kai wa wani ziyara?"

"Yaya, Idris direba ya gani da idonsa. Ramin Wahba, can bayan garin Ɗa'if. Ƙasansa fari fat, ga dabino a gefe. Kamar kwarin kanwa na gida."

"Da idonsa. Kai kuma da na wa za ka gani?"

Maganar ta yi zafi, ita ma ta san ta yi. Usuman ya lalubi sandarsa ya tafi. Kwana uku bai zo cin abinci ba.

Ƙanin mijinta ne. Shi da wansa Na'ibi 'ya'yan mai fataucin kanwa ne a ƙasar Manga, inda tsakanin tuddan rairayi ake samun kwari mai dabino, tsakiyarsa kanwa a shimfiɗe kamar farin zane. Daga can suka taso aikin hajji a ƙafa, suna tafe suna ƙwadago, shekara shida. A Sudan Na'ibi ya auri Bashira, suka ƙetaro teku su uku. Na'ibi ya rasu a Jidda, ya bar mata ƙani ƙato mai shiru, wanda aure ɗaya ya yi bai daɗe ba.

Dako yake yi a bakin teku. Shinkafa, sukari, daga baya siminti. Shekara talatin da wani abu buhunan duniya suna bi ta bayansa, shi bai je ko'ina ba. Komawa gida? Wa ya rage da ya san shi? In alhazan ƙasarmu suka sauka daga jirgi, ya kan ɗauki kayansu yana tambayar ko sun zo da kanwa. In ya samu ɗan dunƙule, sai ya shinshina, ya lasa, ya faɗi kwarin da aka haƙo ta. Ba ya kuskure. Sa'annan ya kawo wa Bashira ta adana a gwangwani.

Sai ido ya soma tafiya. Wasu suka ce ƙurar siminti ce. Likita ya ce abin da ya rage masa na gani ba zai kai Ramadana ba.

A rana ta huɗu Bashira ta ɗaura lulluɓi, ta je ta same shi a unguwar Mahjar, inda yake zaune.

"Tashi. In za ka faɗa rami, gara ka faɗa ina wurin, in sami abin faɗa wa wanka a lahira."

Idris haifaffen Jidda ne, magidanci mai kai kaya ƙauyukan hanyar Najdu a babbar mota. Hausarsa rabi Larabci: Usuman Ammi yake ce masa, wato baffa, Bashira kuma Khala, wato inna. "Yalla mu tafi ya Ammi, a gaba za ka zauna. Khala, ke ma." Suka hau duwatsun Ɗa'if, Bashira tana salati a kowace kwana. Washegari da hantsi suka bar kwalta suka shiga wata ƙasa ta baƙin dutse, kamar an toya daji an bar gawayin. Ba tudu, ba alama. Ta soma cewa Idris ya yaudari tsoho, sai ya taka birki.

Ƙasa ce kawai ta ƙare.

Suka sauka, Bashira ta leƙa. Rami ne da zai haɗiye Sa'alaba da mutanenta da awakinta, bangonsa ja da baƙi a tsaye. Can a wani lungu ruwa yana tsattsafowa daga dutse, dabino kore shar sun maƙale a wurin. Wasu tsuntsaye suna shawagi, amma a ƙarƙashin ƙafarta. A tsakiya kuwa fari ne, zagayayye, yana ƙyalli har ido ya yi ruwa.

Ta juyo don ta kwatanta wa Usuman, ta tarar ya saki sanda.

"Ina gani, Yaya. Wallahi ina gani."

Mutumin da wata biyu ba ya bambance fuskarta da ta maƙwabciya, wannan farin ya yi girman da ya shiga idonsa. Ya zauna a bakin ramin yana nuni da yatsa. Nan jakuna suke tsayawa. Nan mata suke tara kanwa tsibi-tsibi. Nan Na'ibi ya taɓa zamewa ya fasa gwiwa. Hawaye na bin gemunsa, bai share ba.

Idris ya gangara ta wata siririyar hanya. Sai bayan azahar ya hauro yana haki, ya zuba farin ɓawon ƙasa a tafin Usuman. Usuman ya jujjuya shi. Shi da ke lasar kanwar kowane alhaji, bai kai wannan baki ba. Ya miƙa mata.

"Yaya, ɗanɗana ki faɗa mini."

Ta ɗanɗana. Ɗaci da bauri, ba wannan santsin da kanwa take bari a harshe. Tun tana budurwa bakinta yake riga hankalinta, ranar ma bai jira ba.

"Wannan? Ko jaki ba zai lasa ba."

Usuman ya ce, "To." Ya karkaɗe hannu. Ya juya wa ramin baya, alhali rana ba ta faɗi ba kuma farin yana nan. Idris ya ce, "Ammi, ka ƙara duba mana." Usuman ya ce, "Halas, ya isa. Mu tafi."

Idon ya rufe kafin azumi. Bai sake zancen gida ba. Alhazai suka zo a wannan shekara, bai aika a tambayo kanwa ba. Ya kwanta, ya daina ci.

Bashira ta buɗe gwangwaninta ta ɗauko dunƙulen da ya rage, ta jiƙa, ta kwaɓa ɗanwake, ta sa mai da yaji, ta kai masa da kanta.

"Na ɗebo ta raminka a gefen zane ban faɗa maka ba. Ashe jiƙo take so. Ga shi da ita na yi."

Ta sa masa ɗaya a baki. Ya daɗe yana taunawa.

"Wadda wani alhaji ya ba ni bara ce, Yaya. Ba ki iya ƙarya ba."

Bai kai Juma'a ba. Mata da suka zo gaisuwa sun tambaye ta ko sun yafi juna. Ita kuwa abin da ta ce masa na ƙarshe, tana riƙe da kwano, shi ne:

"Buɗe baki ka ci, mai gardama. Ni na dafa, ni na ce ta raminka ce."