Na Karɓi Kwalbar da Ɗuminta

Ina ɗaukar kwalbar allurar ciwon sukari na ji ta da ɗumi a tafin hannuna. Na tura wa mai kemis ɗin unguwarmu ta Gwammaja, na ce, "Malam, wannan ba ta ga sanyi ba."

Ya ce, "Hajiya, kwana uku ba wuta. Daga ƙetare kuma ta taso, Allah kaɗai ya san ranar da ta sha a hanya. Ita ce ta rage."

"Tun ba a haife ka ba nake tantance allurai a masana'anta. Abin da bai kai wannan ba na sa an zubar."

"To, ina masana'antar take yanzu, Hajiya?"

Da mulki ya dawo hannun farar hula aka yi alkawarin sake buɗe ta. Har yau ciyawa ce a ƙofarta.

Allurata ta ƙare tun jiya, jiri ya fara ɗibata. Na karɓa, ina sane cewa wataƙila ba ta da sauran ƙarfi.

Masu fama da wannan ciwo, da kun karɓa ko da kun bari?