Ɗigon mai a kan rairayi

Shekarun baya, lokacin da nake da mota ta kaina ba ta wani ba, muna zaune a Gwadangaji, gidan haya. Motar tsohuwa ce, ƙofar baya ma sai an ɗaga ta take rufuwa, amma ita ke ciyar da mu. Fasinja nake ɗauka tsakanin Birnin Kebbi da Argungu. Boko ban yi nisa ba, kanikanci kuma ban iya ba. Iyakar sanina, in baƙin mai ya tsufa a kai ta a yi juye, a canza filta.

A tsakar gida take kwana, kan rairayi. Da safe in na fitar da ita, matata ke share wurin. Da haka ta san ɗigon motar fiye da ni. Ta san na ruwa, ta san na mai, ta san inda kowanne ke sauka. Ni kuwa direban, cikina bai barina leƙa ƙasa.

Wata safiya aka kira daga Argungu, mahaifiyar matata jiki ya yi tsanani, a zo a kawo ta asibiti Birnin Kebbi. Na ja mota waje. Jiya-jiya aka yi mata juye, don haka hankalina kwance. Na yi ta danna hon, shiru. Na koma ciki na tarar da matata da mayafi, tsugune inda motar ta kwana, tana murza rairayi da yatsa.

Na ce, "Ke! Inna na can kwance, kina nan kina wasan ƙasa?"

Ta ce, "Malam, zo ka gani. Wanga ba irin na kullum ba na."

"Tsohuwar mota ai sai ta ɗiga."

"Na kullum baƙi na, ɗan kaɗan. Wanga sabon mai na, kamar zuma, ga shi ya jiƙa wuri faɗin faifai."

Na ce ta tashi mu tafi. Ta ɗago, idonta ya cika da hawaye. "Uwata ta, na hi ka son mu tai. To in motag ga ta mace muna a hanya, da Inna ciki hwa?"

Na buɗe bonet ina gunguni, na zaro gejin auna mai, na goge, na mayar, na sake zarowa. Mai da ƙyar ya taɓa bakinsa. Man da aka cika jiya.

Muka lallaɓa har garejin abokina, shi ya yi juyen. Yana ganina ya ce, "Direba, jiya-jiya na sallame ka. Kewata ka yi?"

Na ce, "Shiga ƙasa ka duba aikinka."

Ya kwanta ya shiga. Notin da ake kwancewa a zubar da mai, da yatsa kawai ya taɓa shi ya juya. Bai ɗaure ba. Da mun hau titi, girgiza kaɗan zai faɗi, mai ya tsiyaye, inji ya buga a tsakiyar daji. Ya fito bai iya kallona, ya ce, "Wa ya gani?" Na nuna masa matata cikin mota. Ya ce, "To ka bar mini ita a gareji, kai ka koma shara."

Ya ɗaure, ya cika mai. Muka je muka ɗauko Inna, aka kwantar da ita a baya, kanta a cinyar 'yarta. Muna ratsa fadamar shinkafa ina kallonsu a madubi, tana yi mata fifita da bakin mayafi. Inji ko tari bai yi ba har ƙofar asibiti.

Inna ta tashi, ta ƙara shekaru masu yawa. 'Yarta ce ta riga ta tafiya, Allah Ya jiƙanta. Motar ma ta bar hannuna, ba sai na faɗi yadda aka yi ba.

Ku masu mota, ba wa'azi nake muku ba. Amma in an yi muku juye, washegari ku dubi inda motar ta kwana, ku zaro geji kafin ku tayar. Bakanike mutum ne, yana mantuwa, kuma ba shi zai tsaya a rana ba.

Yanzu wani nake wa tuƙi a Gesse. Motarsa sabuwa, komai fitila ke faɗa maka, ba ruwanta da kowa. In aiki ya kai mu Argungu, daidai fadamar nan ƙafata kan sauka daga totur da kanta, idona ya tafi madubi. Maigidan ne zaune yana latsa waya. Sai ya ce, "Mi ya sa ka rage gudu?"

Nakan ce masa rami ne, Alhaji.