Mun Je Gaya Neman Yayana a Talabijin

Mun tashi da asuba daga Zuru, ni da mahaifiyata, za mu Gaya ta Nijar kallon talabijin. Ku yi dariyarku, maƙwabta ma sun yi.

Yayana shekararsa goma sha ɗaya a Faransa, yana riƙe wa masu shirya fim fitila. Ya aiko wasiƙa cewa fim ɗinsu ya shiga takarar kyautar finafinan ƙasar ta bana, kuma zai kasance a zauren bikin. Duk Zuru ba mu sami mai kama tashar ba, sai wani abokin marigayi babanmu a Gaya. Mama ta ce ko a ƙafa ne sai ta je, ita dai ta ga fuskar ɗanta.

Hanyar Mahuta zuwa Koko ta girgiza mu har haƙorana suka gaisa da juna. A Jega na ci shinkafa da wake, Mama ko ruwa ba ta sha ba. Tana rungume da ƙullin daddawar da ta yi masa. Na tuna mata talabijin ba ta karɓar saƙo, ta harare ni. Bayan Kamba muka tsallaka iyaka, burodi ya koma dogo kamar sanda, kuɗinsa ma haka.

Bayan isha'i aka fara nuna bikin a gidan abokin babanmu. Turawa suna hawa dandamali, suna kuka, suna sauka da kyauta, mai masaukinmu yana fassara. Mama ba ruwanta da su, layin kujeru take bi da ido. Fim ɗinsu bai ci komai ba. Dab da tashi kyamara ta gifta ta can baya, ga wani baƙin mutum yana tafi da bayan hannu, irin tafin babanmu.

"Shi na! Ɗana na!" ta ce, ta dafa gilashin. Kafin in matso an wuce.

Gaskiya ban ga fuskarsa ba, kuma abin ya ci mini rai, don ni ma kewarsa nake. Tafiyar nan ta koya mini cewa uwa ba ta jiran fuska kafin ta gane nata.

Da muka iso gida mata suka cika tsakar gida suna tambayar ko ya ci kyautar. Mama ta ajiye daddawar a gefenta, ta ce, "Ya rame."