Saƙon Nura a cikin rauta

Jama'a, yau na goge abu na ƙarshe da Nura ya bar mini, da hannuna.

Nura na Rawayau, wanda muke shirin jarrabawar netwok tare, Allah ya jiƙansa. Kullum faɗansa ɗaya: in canza saiti a rauta, na'urar da ke raba intanet, in manta ban adana ba, a ɗauke wuta, aikin ya tafi.

Da safe na je Kurfi gaishe da mahaifiyarsa. Ta miƙo mini rautar da yake gwaji da ita. Ta ce, "Ungo, Bala. Ni ban san amfaninta ba."

Na dawo Dutsin-Ma, na jona ta da kwamfuta. Sai ga rubutu ya fito a wajen gaisuwar shiga: "Bala sarkin mantuwa, ka adana kafin a ɗauke wuta."

Wallahi sai da na yi hawaye.

Na daure na buɗe darasin yau. Darasin ya ce a canza gaisuwar shiga. Na canza. Na tuna faɗansa, na yi maza na adana.

Sai gabana ya faɗi. Sabon ya hau kan tsohon!

Na kira malaminmu. Ya ce, "Ka kwafi tsohon saitin a wani wuri kafin ka taɓa?"

Na ce a'a.

Ya ce, "Sai haƙuri, Bala."

Wata shida Nura yana faɗa mini ban ji ba. Yau na ji.