Abdulmumin da filin sussuka na Dakusa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Juma'a, ashirin da biyar ga watan Oktoba, Allah Ya karɓi ran Abdulmumin Illa, matuƙin ƙaramin jirgin sama, a asibiti nan Damagaram, kwana biyu bayan haɗarin da muka yi tare da shi kusa da Dakusa.

Abdulmumin, ni ne Zakari, ma'aikacin gona da ke zama kusa da kai idan muka tashi neman makwantar tsuntsayen da ke cinye wa manoma gero. Ranar da na fara shiga jirginka na yi amai a takalminka. Dariya ka yi, ka miƙo mini goro, kuma ba ka taɓa ba kowa labarin ba. Da uwata ta kwanta ciwo, kai ka yi ta jigilarta a motarka.

Yanzu gari ya ɗauka cewa kuskuren matuƙi ne. Masu anket, wato masu binciken haɗarin, sun faɗa, masu shan shayi a fada sun ƙara gishiri, alhali ko tsani ba su taɓa hawa ba. Abin yana ƙona mini rai, domin 'ya'yanka za su girma su ji. Don haka zan faɗi abin da idona ya gani.

Al'adarka ce ka zagaya filin saukar jirgi sau ɗaya kafin ka sauka. Ran nan ba ka zagaya ba, saboda da safe mun bar shi fes. Wannan kuskure ne, ba zan ɓoye ba. Ashe bayan tashinmu matan ƙauye sun ga wuri a share, sun baza zangarniya suna sussuka. Sai da ƙafafun jirgi suka kusa taɓa ƙasa muka hango su, wata da goyo a bayanta. Lokacin sake tashi sama ya ƙure. A hagu akwai gawo, a gabanmu akwai mutane. Na ji ka ce, “Malam Zakari, riƙe da kyau.” Ka karkatar da jirgin ta ɓangaren da kake zaune, ya daki gawon.

Na fito da karayar hannu. Kai kuwa da ka farfaɗo a asibiti, numfashi da ƙyar, tambaya ɗaya ka yi: “Matan nan, na taɓa wata?” Na ce ko ɗaya. Ka rufe ido.

Duk mai ba da labarin kuskurenka, ya ji tsoron Allah ya ƙarasa shi.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka, Ya haskaka makwancinka. Ina miƙa ta'aziyya ga mahaifiyarka Hajiya Barira, da matarka Ummul Khairi, Allah Ya ba su haƙuri. Maryam da Sani, Allah Ya raya ku. In an ce muku mahaifinku ya yi kuskure, ku ce haka ne, sannan ku je Dakusa ku gaida matan da ke raye.